Fernando Wood: Magajin Garin Da Fim Ɗin ‘Lincoln’ Ya Bar Wa Baki Kawai

Fim: Lincoln (2012)
Darakta: Steven Spielberg
Tsara labari: Tony Kushner
’Yan wasa: Daniel Day-Lewis, Sally Field, Tommy Lee Jones, David Strathairn, Lee Pace
Tsawo: minti 150

Mai karatu, in dai ka kalli fim ɗin Lincoln, akwai wani dogon mutum da na san ba za ka manta da shi ba, ko da kuwa sunansa ya kwanta maka. Shi ne ɗan majalisar nan mai zaƙin murya da ke miƙewa yana zazzaga wa shugaban ƙasa baƙaƙen maganganu, yana yi masa laƙabi da sarkin baƙar fata, ’yan jam’iyyarsa na buga tebur suna shewa. Sunansa Fernando Wood, kuma Lee Pace ne ya fito a matsayinsa. A kansa nake so mu tattauna a wannan watan. Mutum ne da ya rayu da gaske, an zaɓe shi magajin garin Niyok har sau uku, kuma a nawa ganin yadda aka nuna shi ne ya hana wannan kyakkyawan fim cika goma.

Ga wanda bai gani ba, labarin ba shi da sarƙaƙiya. Watan Janairun 1865 ne, yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da jihohin Kudu masu riƙe da bayi ya doshi ƙarewa, yaƙin da ya ci rayuka sama da 600,000. Shugaba Abraham Lincoln yana so Majalisar Wakilai ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda zai haramta bauta baki ɗaya. Sauri yake yi, domin shelar ’yanta bayi da ya yi a 1863 doka ce ta lokacin yaƙi, yana tsoron kotu ta yi fatali da ita da zarar an ajiye makamai. Majalisar Dattawa ta riga ta amince tun Afrilun 1864. A ta Wakilai kuwa sai an samu kashi biyu cikin uku, wato sai an jawo wasu ’yan adawa na jam’iyyar Dimokurat. Nan ne ministan harkokin waje William Seward ya ɗauko wasu dillalai uku, suka riƙa bin ’yan majalisar da suka sha ƙasa a zaɓe amma wa’adinsu bai ƙare ba, suna yi musu tayin muƙaman gwamnati. Ranar 31 ga Janairu aka kaɗa ƙuri’a, 119 suka ce e, 56 suka ce a’a.

A yaba wa gwani. Fim ne na ƙidayar ƙuri’a da zaman ɗaki, amma yana riƙe mai kallo kamar fim ɗin faɗa. Daniel Day-Lewis ya shiga rigar Lincoln da ’yar siririyar murya, da doro, da yawan ba da labarin ban dariya a lokacin da hankalin kowa ya tashi, kuma da wannan wasan ya ci kyautar Oscar ta gwarzon ɗan wasa karo na uku. Mai ɗaukar hoto Janusz Kaminski ya bar ɗakuna da duhu-duhu, hasken fitila da na taga kawai, har ka ji kamar ƙurar zamanin na shiga hancinka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a wanke Lincoln tas ba. An nuna shi yana sayen ƙuri’a da muƙami. An nuna shi yana rubuta wa majalisa takarda da dabarar lauyoyi, cewa a iya saninsa babu wakilan sulhu na Kudu a cikin birnin Washinton, alhali ya san suna kan hanya. Haka Thaddeus Stevens, dattijon da Tommy Lee Jones ya fito a matsayinsa, an nuna yadda ya haɗiye aƙidar da ya daɗe a kanta don kada dokar ta faɗi. Duk masu gaskiya a fim ɗin an ba su zuciya mai ɗaki biyu.

To, Wood fa? Kusan duk fitowarsa a zauren majalisa ce. Ya tashi ya yi zagi, Stevens ya mayar masa da cewa sunansa ya dace da shi, domin ma’anar sunan a Turanci ita ce katako. Ya ɗana wa Stevens tarko da tambaya a gaban ’yan jarida, ko ya yarda baƙi da fari daidai suke a komai, Stevens ya zille ya ce daidaito a gaban doka kawai yake nufi. Ranar ƙuri’a kuma ya tashi da labarin wakilan sulhu don a ɗage zaman. Shi ke nan. Ba mu ga gidansa ba, ba mu ga mazaɓarsa ba, ba mu san me zai ci ko me zai rasa in dokar ta wuce ba. Za ka tashi daga kallon kana zaton wani matashi ne mai zafin kai. Lee Pace yana da shekara talatin da ’yan kai lokacin da aka ɗauki fim ɗin, alhali Wood na gaskiya shekararsa 52 a wannan Janairun, tsohon hannu ne da ya ga jiya ya ga yau. Bari ka ji ko wane ne shi.

An haife shi a Filadelfiya ranar 14 ga Yuni, 1812. Makaranta littattafai za su so jin wannan: mahaifiyarsa a cikin wani littafin ƙagaggen labari na Ingila mai suna The Three Spaniards ta tsinto masa sunan Fernando. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da kasuwa ta ƙi, ya kwashi iyali zuwa Niyok. Yaron bai yi nisa a boko ba. Ya yi ’yan aikace-aikace, ya buɗe shagon taba ya karye, daga baya ya buɗe kantin kayan masarufi da giya a kusa da tashar jiragen ruwa, inda ya saba da lebura da ’yan dako. Daga nan ya shiga Tammany Hall, ƙungiyar da ke juya akalar jam’iyyar Dimokurat a birnin, kuma a 1840, yana ɗan shekara 28, aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai. Zango ɗaya ya yi ya dawo kasuwanci. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, sai ya loda jirgin ruwa da kaya ya tura can, ya ci ƙazamar riba, ya zuba kuɗin a filaye da gidaje. Sai dai abokin cinikinsa ya maka shi kotu cewa ya yi masa aringizo a takardun lissafi, aka kuma ba abokin gaskiya. Wannan tabo ya bi shi har kabari.

Ya nemi kujerar magajin gari a 1850 ya faɗi, ya sake nema a 1854 ya ci. Kada ka ji an ce magajin gari ka ɗauka sarauta ce ta rawani. Can zaɓe ake yi, kuma wanda ya ci shi ne shugaban birni. Niyok ta wancan lokaci tukunya ce mai tafasa. Zuwa 1860 mutanenta sun haura 800,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu haifaffun ƙasar Ailan ne da yunwa ta koro, ga Jamusawa, ga unguwannin talakawa irin su Five Points inda ’yan daba ke cin karensu ba babbaka.

Da ya hau a Janairun 1855, sai Wood ya ba maƙiyansa mamaki. Ya sa aka rufe mashaya ranar Lahadi. Ya ajiye littafin ƙorafi a ofishinsa, duk mai kuka ya zo ya rubuta. Da ’yan majalisar birni suka so rage faɗin filin da aka ware don babban lambun shaƙatawa, ya hau kujerar na-ƙi, kuma filin nan shi ne Central Park da kake gani a finafinan Amurka. Har malaman coci suka riƙa sa masa albarka. A 1856 aka buga wani littafin tarihinsa na yabo zalla, irin wanda ake rubuta wa mai neman kujera ta gaba. Amma ba a daɗe ba mashayar suka sake buɗewa, domin masu su ne ke tara masa ƙuri’a. ’Yan sandan birni suka zama kamar ’yan bangarsa, ana yankar albashinsu don yaƙin neman zaɓe. Zaɓen 1856 da ya sake ci, da duka da maguɗi aka yi shi.

Shekarar 1857 ita ce shekarar da, in da ni ne mai tsara labari, ba zan bar ta ba. Majalisar jiha da ke Albany, wadda ke hannun ’yan Rifablikan, ta yi dokar da ta ƙwace ’yan sanda daga hannun magajin gari, ta kafa sabuwar runduna, ta kuma rage masa wa’adi. Wood ya ce bai san zancen ba, ya riƙe tasa rundunar. Sai ga birni ɗaya da ’yan sanda iri biyu, wannan ya kama ɓarawo, wancan ya zo ya ƙwace ya saki. Ranar 16 ga Yuni aka aiko a kama shi kansa magajin garin a kan rikicin naɗin kwamishinan tituna. Yaransa suka yi waje da jami’in da ya kawo takardar kamun. Aka turo ’yan sandan jiha kimanin hamsin, na birni ɗaruruwa suka far musu da kulki a kan matakalar ofishin, aka jikkata mutum sama da hamsin. Sai da wata rundunar soja da ke wucewa za ta Boston ta kewaye ginin, sannan Wood ya miƙa wuya, aka ba da belinsa nan take. A farkon Yuli babbar kotun jiha ta ce dokar na nan daram, ya rushe rundunarsa, washegari kuwa, 4 ga Yuli, ’yan dabar Dead Rabbits da na Bowery Boys suka gwabza a titi har aka rasa rayuka.

A ƙarshen wannan shekarar tattalin arziki ya karye, bankuna suka rufe, dubban ma’aikata suka rasa abin yi. Wood ya kawo shawarar birni ya ɗauki marasa aiki su yi tituna da gine-gine, a biya su da garin alkama da na masara da dankali. Attajirai suka ce ya zama ɗan gurguzu. Ka ga mutumin da ake zargi da sayar da muƙamai shi ne kuma ya fito yana maganar cikin talaka. Ya faɗi zaɓe a Disambar 1857, Tammany ta kore shi, ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Mozart Hall, ya dawo ya ci zaɓe a 1859.

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. Jihar Niyok ta daina bauta tun 1827, amma arzikin birnin a kan audugar da bayin Kudu ke nomawa ya ɗoru. Bankunan Niyok ke ba masu gonaki bashi, kamfanonin inshorarta ke tsaya wa kayan, jiragenta ke kai audugar masaƙun Ingila. Har jiragen fataucin bayi na ɓoye ana shirya su a tasharta. Kyaftin Nathaniel Gordon, wanda aka kama a 1860 da ’yan Afirka kusan 900 da ya ɗebo daga bakin Kogin Kwango, a Niyok aka rataye shi a 1862. Leburorin Ailan kuwa an cusa musu tsoron cewa in aka ’yanta bayi za su kwararo Arewa su ƙwace musu aiki. Lincoln bai ci birnin Niyok ba a zaɓen 1860, bai kuma ci ba a na 1864. Attajirin auduga da lebura mai tsoro, a kan waɗannan duwatsu biyu Wood ya girka tukunyarsa.

Shi ya sa a farkon Janairun 1861, da jihohin Kudu suka fara ɓallewa, ya aika wa majalisar birni saƙo cewa Niyok ma ta duba yiwuwar ɓallewa ta zama birni mai cin gashin kansa, ta riƙe kuɗin kwastan na tasharta, ta ci gaba da ciniki da kowa. A wannan watan, da ’yan sandan jiha suka kama bindigogin da za a kai Jojiya, Wood ya buga wa Robert Toombs, ɗaya daga jagororin ɓallewa, waya yana ba da haƙuri, yana cewa ba shi da iko da ’yan sandan ne. A Fabrairu ya karɓi baƙuncin Lincoln a ofishinsa, lokacin yana kan hanyar zuwa rantsuwa, ya yi masa huɗuba a kan kasuwancin birnin. Da aka fara harbi a Afrilu, gari ya juya, sai ga Wood a sahun gaba yana neman a ware dala miliyan ɗaya don tara sojoji, har aka raɗa wa wata runduna sunan Mozart. Da zafin ya lafa, ya koma sukar yaƙi. Inda iska ta kaɗa, nan yake. Ya faɗi zaɓen Disambar 1861, ya koma Majalisar Wakilai a 1863, ya zama jigon masu neman a sasanta da Kudu ko da bayi miliyan huɗu za su dawwama a ƙangi. Ƙaninsa Benjamin na taya shi da jaridarsa ta Daily News. A Yulin 1863 tarzomar ƙin shiga soja ta ɓarke a Niyok, domin mai kuɗi na iya biyan dala 300 ya tsira, talaka kuwa sai filin daga. Fushin ya sauka a kan baƙar fata: aka rataye wasu a titi, aka ƙone gidan marayunsu, sama da mutum 100 suka mutu cikin kwana huɗu.

Wannan ne mutumin da ya tsaya a majalisa a Janairun 1865. Ka ga kenan fim ya ba shi baki, ya cire masa ciki. Wood ya ƙi baƙar fata, maganganunsa na majalisa sun tabbatar da haka, amma ƙiyayyar tasa tana da jari, tana da riba, tana da ƙuri’a. In ka cire wannan, sai mai kallo ya ɗauka bauta ta daɗe ne saboda wasu mutane marasa tarbiyya masu ihu. Sai ya manta cewa wanda ya fi kare ta a fim ɗin ɗan Arewa ne, daga birnin da babu bawa ko ɗaya a cikinsa, amma yana ci da gumin bayin. Wannan sassauci ne ga Arewacin Amurka, kuma daga daraktan da ya yi Amistad a 1997 ban zaci haka ba.

Akwai ma wata dama da aka bari ta wuce. Duk fim ɗin a kan sayen waɗanda suka faɗi zaɓen 1864 ya ginu. To ai Wood ɗaya ne daga cikinsu, shi ma ya faɗi, wa’adinsa zai ƙare a Maris. Mutumin da ya fi kowa a zauren sanin yadda ake musayar muƙami da ƙuri’a, yana zaune yana kallon ana saye masa ’yan jam’iyya da irin dabarar da ya ƙware a kai. Haba, mai karatu, wane marubuci ne zai samu irin wannan ya bari? Fitowa ɗaya tsakaninsa da Seward, wanda shi ma tsohon gwamnan Niyok ne, da ta ɗaga fim ɗin zuwa wani mataki.

Na san za ka ce fim ɗin na Lincoln ne, ba na Wood ba, kuma minti 150 ba za su ɗauki kowa da kowa ba. Gaskiya ne. Ban ce a mayar da shi jarumi ba, ban kuma ce a nemar masa uzuri ba. Amma fim ɗin da ya samu lokacin nuna dillalan ƙuri’a suna guje-guje don ban dariya, ba zai rasa minti biyu na gaya mana abin da babban abokin hamayya yake karewa ba. Ba a nan kaɗai aka yi wa tarihi sakaci ba. An nuna wakilan jihar Connecticut biyu sun ƙi dokar, alhali dukkan huɗun sun amince, har wani ɗan Majalisar Wakilai daga jihar, Joe Courtney, ya yi ƙorafi a 2013. Su ma baƙar fata, waɗanda a kansu ake rigimar, yawanci ’yan kallo aka mayar da su, kuma Frederick Douglass ko leƙowa bai yi ba.

In kana son ganin garin da ya haifar da Wood, nemi Gangs of New York na Martin Scorsese, wanda ya fito a 2002. Nan ma Day-Lewis ne, amma a matsayin mahauci shugaban ’yan daba. Za ka ga Five Points, da maguɗin zaɓe, da tarzomar 1863, sai dai nauyin siyasar birnin a kan William Tweed na Tammany aka ɗora shi. Scorsese ya nuna garin, Spielberg ya nuna muryar, ba wanda ya haɗa su a jikin mutum ɗaya. Shi kuwa Wood bai ɓace ba bayan ƙuri’ar. Ya dawo majalisa a 1867, ta tsawata masa a hukumance a 1868 saboda zagin da ya yi mata, amma ya zauna daram har ya shugabanci kwamitin haraji mai ƙarfi daga 1877. A kan kujera ya mutu, a Fabrairun 1881, shekara 16 bayan an harbe Lincoln.

Marubutanmu da masu shirya finafinanmu na gida, akwai abin ɗauka a nan. Mun saba da bos mai zare ido da ƙyaƙyata dariyar mugunta, da kishiya ko attajirin da mugunta kawai yake yi ba dalili. Irin wannan mugu ba ya tsorata kowa, domin ba wanda ke ganin kansa a jikinsa. Wanda ke da ban tsoro shi ne mai fara’a, mai kyauta, wanda ya gina wa gari lambu, ya nemar wa mayunwata gari da dankali, sannan ya tsaya tsayin daka a bar mutum miliyan huɗu cikin sarƙa saboda ciniki kada ya tsaya.

Lincoln fim ne da ya cancanci kallo, har ma a maimaita, musamman don wasan Day-Lewis da Tommy Lee Jones. Na ba shi takwas cikin goma. In ka zo wurin dogon mutumin nan mai zaƙin murya, ka tuna tsohon magajin garin Niyok ne ke magana, kuma auduga ce a aljihunsa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.